Sunan da Ban Buga Ba

An yi taron tunawa da Lauya Mu'azu a Gusau, aka aiko mini da mota, aka zaunar da ni a kujerar baya kusa da masu raba ruwa. Mutum bakwai suka yi magana a kan littattafansa, babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa taka ofishinsa. Da aka zo kaina sai matashin da ke riƙe da lasifika ya ce, "Wannan ita ce tsohuwar da take kwafe masa takardu." Kwafe! Shekara ashirin da ɗaya na yi a bakin tafireta, aka dunƙule su a kalma guda, aka tafa, aka wuce. Ban yafe ba, kuma ba zan yi kamar na yafe ba. Tunda an hana ni lasifika, ga alƙalami.

Sunana Kulu. A gidan mahauta aka haife ni a Talata Mafara, a gidan mahauta na yi aure, kuma har na kai shekara talatin da ɗaya ban san bambancin baƙi da wasali ba. Abin da na sani shi ne wanke tumbi da hanji da soya su ranar kasuwa. Da mijina ya rasu na fita takaba, sai na shiga ajin yaƙi da jahilci. 'Yan'uwana maza suka yi dariya har suka gaji. Ɗaya ya ce in na iya karatu in zo in karanta wa shanu wasiƙa kafin a yanka su. Bayan shekara uku, shi ɗin ne ya kira ni in karanta masa sammaci.

Wannan sammacin ne ya kai ni wurin Lauya. Wani dillali ya sayar wa yayana sa, ashe na sata ne, mai shi ya gane fatar a shanye. Na raka yayana ofishin, ɗaki biyu ne a bakin titin Sakkwato, nan cikin Mafara. Lauya yana rubuta bayani yana tambaya, ya kasa gane yadda ake cinikin dabba hannu a cikin hannun riga ba wanda ya ji farashi. Na daure na daure, na kasa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka rubuta ba daidai ba." Yayana ya zare mini ido. Lauya ya miƙo mini littafin ya ce, "To 'yar mahauta, rubuta daidai mu gani." Na rubuta. Ya karanta sau biyu, ya ce in dawo ran Laraba.

Ba don Allah kaɗai ya ɗauke ni ba. Yana da akawu namiji, amma rabin shaidun da yake bukata mata ne a cikin kulle, kuma ba mai gidan da zai bar akawu ya wuce zaure. Ni kuwa ba ƙofar da ke rufe mini.

Shi Lauya ɗan gidan malamai ne na Bakura. Ya sauke Alƙur'ani kafin ya ga allon boko, ya tafi Zariya ya karanto shari'a, ya dawo da gilashi da tari. Mahaifinsa bai taɓa zuwa ofishin ba. An ce da aka kai masa littafin ɗansa na farko, ya juya shi ya ce, "Wanga yaro sana'a biyu gare shi, duk na ƙarya. Guda gaban alƙali, guda bisa takarda." Lauya da kansa yake ba da labarin yana dariya, amma dariyar ba ta kaiwa ido. Littafi huɗu ya rubuta a rayuwarsa, ya yi shari'ar da ba ta ƙirguwa, bai ci hanci ba ko sau ɗaya da na sani, kuma a gidan haya ya mutu. Wannan haƙƙinsa ne, na faɗa. Sauran ma zan faɗa.

Wata uku na farko shafi ɗaya na yi ta bugawa. Ku da kuke shafa gilashi da yatsa ku goge kuskure ba wanda ya gani, ku saurara. Takardar kotu kwafi huɗu ake yi a bugu ɗaya: farar takarda, kabon, farar takarda, kabon, har huɗu, a daidaita bakinsu a murɗa su cikin na'ura. In ba ki doka da ƙarfi ba, na ƙasan ba zai fito ba. In kin doka fiye da kima, harafin zai huda na saman. In kin yi kuskuren baƙi ɗaya, sai ki ɗaga kowace takarda ki kankare da reza, ki hura, ki maida su daidai inda suke. Takardar rantsuwa kuwa ba a kankare ta sam, sai dai a yaga a sake daga farko. Ribon, wato ƙyallen tawadar na'urar, in ya bushe a lokacin zafi, ɗigon kananzir ake sa masa a bar shi ya kwana. Kuma duk wannan da Turanci, harshen da na shekara biyar ina bugawa kafin in fara jin sa. Ni ke ɗauko magana da Hausa daga bakin mutane, Lauya ya juya ta, ni in buga baƙi bayan baƙi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Doka ɗaya ya kafa mini. Wata rana na ɗauko bayanin wata tsohuwa a Damri da maƙwabcinta ya cinye mata iyakar gona, ta yi masa zagin da ba ya maimaituwa, ni kuma na rubuta cewa ta nuna ɓacin ranta. Lauya ya tambaye ni, "Haka ta ce?" Na ce a'a, amma ai ba ya rubutuwa. Ya yaga takardar a gabana. Ya ce, "Malama Kulu, abin da aka faɗa shi za ki rubuta. Kada ki ƙara, kada ki rage, kada ki gyara wa mutum bakinsa. Ranar da kika fara taimakon shaida, kin kashe shi." Na koma Damri a bayan akori-kura na sake jin zagin, na rubuta shi cif. Daga ranar na riƙe dokar nan kamar karatun sallah.

Littattafan nasa da safe yake rubuta su, kafin mutane su taru, a cikin littafin 'yan makaranta mai layi. Rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan laka. Ni ke buga su a rawayar takarda don kada su cakuɗe da na kotu, kuma da yake na'urar ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya, sai na gama shafi in bi da biro ina lanƙwasa musu kai ɗaya bayan ɗaya. Na san inda yake samo mutanen cikinsu, don a kan bencinmu suke zama. In mai ƙara yana magana Lauya yana rubutu, to shari'a yake ji. In ya aje biro ya karkata kai ya ƙura wa mutum ido, na san wannan bawan Allah ya shiga littafi, shi bai sani ba.

Sai aikin dam ɗin Bakolori ya zo. Waɗanda ruwa ya ci garuruwansu aka kwashe su aka kai tudu. Waɗanda ke ƙasan dam ɗin kuma aka ce kada kowa ya yi shuka, za a baje gonaki a ja hanyoyin ruwa, sannan a sake rabawa. Katafila ta bi ta kan ɗorawa da tsamiya da kuka da jerin gamba, duk abin da mutum zai nuna ya ce daga nan zuwa can nawa ne. Damina ta wuce ba shuka, wata ta sake wucewa. Da aka zo rabo, sai aka ce rajista za a bi, wanda sunansa ke ciki shi ke da fili. Rajistar kuwa an yi ta da rani, lokacin da rabin mazan ƙasar suka tafi ci-rani.

Wani ƙauye a ƙasar Maradun, gida arba'in da 'yan kai, suka wayi gari kusan dukkansu babu su a rajista. Dattawansu suka zo ofis suka cika benci har waje. Lauya ya karɓi ƙarar. Dabararsa ita ce kowane gida a samu babba ya rantse a kan wa da wa ke da gona a gidan kafin a baje, a haɗa takardun a kai gaban kwamitin rabo. Kwana shida muka yi a ƙauyen, ni da magatakardan kotu, don lokacin na iya juya magana zuwa Turanci da kaina. Ni in shiga ciki in rubuta, in fito in buga a zaure, in koma in karanta wa mai bayani, magatakarda kuma ya tsaya a bayan zana ya ji rantsuwar, a dangwala yatsa.

Rana ta huɗu na shiga gidan Inna Ige. Mijinta ya rasu shekara biyu kafin nan, an raba gonarsa tsakanin 'ya'yansa maza, kuma duk ba sa gari. Tsohuwa ce siririya mai tsagen Fulani a gefen baki, tana zaune tana tsinkar zogale. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida da gajiya da hanya da mutanen Mafara. Wata maƙwabciyarta tana tsugune a gefe.

Na ce, "Inna, ɗiyanki maza da anka raba ma gona, ki faɗa mini sunansu ɗaya ɗaya."

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Akwai Sani."

Na rubuta.

"Akwai Salisu. Sai autansu, Buhari."

Na ce, "Su ke nan?"

Ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Maƙwabciyar ta rufe baki da gefen zane ta kau da kai. Na sake cewa, "Inna, su ke nan?" Ta ce, "Ki rubuta waɗanda nic ce miki."

Ni ba baƙuwa ba ce. Na san ba a sa wa yaro Sani sai akwai wani a gabansa. Na kuma san mace irin Inna Ige ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta lissafa shi cikin 'ya'yanta, ko a hanya suka haɗu sai ta kalli wani wuri. Uwata ma haka ta yi wa babban yayanmu har ta koma ga Allah. Amma rannan gida na tara ke nan, rana ta take, magatakarda yana ta gyaran murya a waje. Na ce a raina wataƙila na farkon ya rasu, ba kuma a tono wa uwa wannan. Ga dokar Lauya a kaina, kada ki ƙara. Tambaya ɗaya ce da zan juya in yi wa maƙwabciyar nan, "Wa ke gaban Sani?" Ban yi ba. Na fita na buga suna uku, na karanta mata, ta ce haka ne, ta dangwala.

Muka ci shari'ar. Kwamiti ya karɓi takardun, aka yanka wa duk wanda sunansa ya fito fili, ko da bai kai rabin na da ba. Aka kawo wa Lauya rago da kwaryar zuma.

Da ruwan farko ya sauka sai ga wani mutum a ofis, dogo, kafaɗarsa duk kanta irin ta masu ɗaukar kaya. Ya yi sallama ya durƙusa, bai yarda ya hau benci ba. Ya ce sunansa Lawali, daga ci-rani yake, ya iske an ba ƙannensa fili shi ba a ba shi ba, ga mata ga 'ya'ya uku.

Ya ce, "An ce wata malama ta shiga gidanmu ta yi rubutu. Ke ce?"

Na ce ni ce.

"To ina sunana yat tafi?"

Na ce, "Inna ba ta faɗe shi ba."

Ya dube ni kamar na yi masa Turanci. Ya ce, "Malama, ke ɗiyar ina ce? Uwa na faɗin sunan ɗan fari?"

Lauya ya sa aka ɗauko fayil ɗin, ya karanta, ya cire gilashi ya murza ido. Ya yi wa Lawali bayani a hankali. Uwarsa ta rantse cewa 'ya'yanta masu gona uku ne. In aka koma aka ce huɗu ne, to an ce rantsuwar ba gaskiya ba ce, kuma lauyan ɗaya ɓangaren jira yake. Zai ce in wannan ƙarya ce, sauran arba'in ɗin da mace ɗaya ta rubuta fa? Za a iya ƙwace na kowa. Lauya ya ce, "Ka yi haƙuri ka raɓa da ƙannenka bana, in ƙura ta lafa mu duba."

Lawali ya ce, "Filin Sani ko shi ba ya ci da shi. Ranka shi daɗe, gonata ta fi ta kowa kyau gidanmu, har da tsamiya biyu." Ya yi ta faɗin yadda gonar take, inda ruwa ke kwanciya, inda ya binne cibiyar ɗansa. Ina kallon Lauya. Ya aje biro, ya karkata kai.

Sau uku Lawali yana dawowa. Na ukun bai shigo ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini, "Malama, ba ni da gona, ba ni da takarda, hannunki ya shafe ni." Ya juya.

Shekarar ce manoma suka tare hanyoyin aikin dam, suka ce ba motar da za ta wuce sai an saurare su. Waɗanda ba su da abin da za su rasa su ne a gaba, Lawali yana cikinsu. Abin da ya faru ranar da aka turo masu bindiga kowa a ƙasar nan ya sani, ba sai na faɗa ba. Kwana uku ofishinmu a rufe. Da muka buɗe, aikinmu ya koma rubuta sunayen waɗanda ake nema: wane yana tsare a Sakkwato, wane yana asibiti, wane ba a gan shi ba. Lauya ya yi aiki a watannin nan kamar zai mutu, ya fito da mutane da yawa, bai karɓi ko sisi ba. Sunan Lawali na buga shi sau goma sha ɗaya a takardun nema. Ba a same shi a tsare ba, ba a same shi a asibiti ba, ba a ba da gawarsa ba.

Na je gaisuwa. Matarsa Hadiza tana ɗaki da yaran, an kwantar da ƙaramin a kan buhu. Inna Ige ba ta zauna karɓar gaisuwa ba, don ba a yi wa uwa ta'aziyyar ɗan fari a gaban mutane. Tana bayan rumbu tana surfe, turmin ba komai a ciki sai 'yar dusa. Wata ƙanwar mijin Inna Ige, Goggo Ai, ita ta karɓe ni, ta ce Sani ya ce ba zai iya riƙe baki huɗu ba bayan kaka, dangin Hadiza kuma ruwa ya ci garinsu, su ma a raɓe suke.

Bayan wata biyar aka yi shela cewa kwamitin rabo zai yi zama na ƙarshe, don magadan waɗanda aka tsallake. Daga nan a rufe rajista. Na kai wa Lauya maganar 'ya'yan Lawali. Ya ce yana tunani. Saura kwana tara zaman, da la'asar, ya aje mini littafin 'yan makaranta guda uku a kan tebur ya ce sabon labari ne, in fara bugawa.

Na sa rawayar takarda na fara. Shafi na huɗu na tsaya. Ga tsohuwa tana tsinkar zogale. Ga maƙwabciya ta rufe baki da zane. Ga tsamiya biyu, ga cibiyar yaro. Sunaye kawai ya canza. Ni mai ɗaukar bayani kuma ya maishe ni wani akawu baƙo daga kudu wanda bai san al'adar ƙasar ba. Na buɗe littafi na ukun na duba ƙarshe. A can, wani lauya ya miƙe a gaban kwamiti ya yi magana shafi shida, aka maida wa mutumin gonarsa.

Na kwashi littattafan na shiga ɗakinsa ban yi sallama ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wane ne wannan akawun?"

Ya ce, "Na rufa miki asiri ne, Malama Kulu."

"Ban roƙe ka ba. Ba baƙo ne ya yi ba, ni ce, 'yar Mafara, wadda ta san abin sarai. Shi kuma wannan lauyan mai shafi shida, a ina yake zaune? In je in kai masa ƙarar."

Ya shiga gyara takardun da ke kan teburinsa.

Na ce, "Ka samar wa Lawali wuri a littafi uku, ka rasa layi ɗaya a rajista."

Ya ce, "Littafi ba ya jawo wa gida arba'in asara. Kin san abin da za a yi in na taɓa takardar nan. A nan kaɗai nake iya ba shi gonarsa." Ya yi tari mai tsawo. "In an karanta, mutane za su san abin da aka yi."

Na ce, "Yaran nan ba karatu za su ci ba."

Na tambaye shi abu ɗaya, a matsayinsa na lauya. In mai rubutu ce da kanta ta rantse cewa kuskuren nata ne, a gida ɗaya tak, ta faɗi dalili, aka samu wani babba a dangin ya faɗi sunan, rantsuwar tsohuwar ta zama ƙarya? Ya ce ba ta zama ba, ta zama ragaggiya. Amma za su tsayar da ni a gaban kwamiti su yi mini tambayar wulaƙanci, za su bi sauran takardun ɗaya ɗaya suna neman wani ramin, kuma bayan wannan da wuya wata kotu ta sake yarda da bayanin da na ɗauko. Ya ce, "Ke kin tabbata babu wani Sani a cikin sauran arba'in ɗin?" Na ce na bi su tun watan jiya, babu. Ya ce shi dai ba zai sa hannu ba, ba kuma zai hana ni ba. Na aje masa littattafansa a gabansa na ce ya nemi mai buga wannan, ni ba da yatsuna ba.

Washegari da na idar da sallar asuba na je na buga wa magatakarda ƙofa, na ce ya shirya akwai rantsuwa biyu a ƙasar Maradun, ɗaya tawa ce. Na biya ofis na naɗe tafireta a zane, na ɗauki farar takarda da kabon da tawadar yatsa, na aza a ka zuwa tasha. Hantsi ya yi muna ƙauyen. Wannan karon ban zauna a zaure ba, na shiga da na'urar har tsakar gida na dasa ta a kan turmi. Hadiza ta fito da yaran, amma ita ma ba ta kama sunan miji, don haka na sa aka kira Goggo Ai. Inna Ige tana zaune a bakin rumbu, ta ba mu baya.

Na ce, "Goggo, wa ke gaban Sani? Ki ɗaga murya, magatakarda na bayan zana."

Ta ce, "Lawali. Muhammadu Lawali. Ni na yi mai wankan farko da hannuna ran da anka haife shi."

Na doka shi da ƙarfi har ya fito a kwafi na huɗu. Na karanta takardar daga farko zuwa ƙarshe, da sunan, da na 'ya'yansa uku. Goggo ta dangwala. Na ce, "Inna, in abin da anka karanta gaskiya ne, ana son yatsanki."

Ba ta juyo ba. Ta miƙo hannun ta baya, na kama babban yatsan na sa a tawada.